Lamine Yamal da Musulmin Sifaniya: an karɓe su ne, ko ƙwallonsa kawai ake so?

Ɗan_Fagge:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina da tambayar da nake so masu sanin Sifaniya su taimaka mana a kanta, musamman waɗanda suke zaune a can. Duk wanda ya kalli gasar cin kofin nahiyar Turai ta 2024 ya ga yadda ƙasar ta rungumi Lamine Yamal, yaron da mahaifinsa ɗan Maroko ne, mahaifiyarsa kuma 'yar Ikwatoriyal Gini, wanda ya zura wa Faransa ƙwallo a wasan kusa da na ƙarshe yana ɗan shekara 16, sannan ya ba Nico Williams ƙwallon da aka fara cin Ingila da ita a wasan ƙarshe ranar 14 ga Yuli. Yaron bai taɓa ɓoye Musuluncinsa ba, kuma idan ya ci ƙwallo yakan zana 304 da yatsunsa, wato ƙarshen lambar gidan waya ta Rocafonda, unguwar talakawa da baƙi da ya tashi a garin Mataró. Amma a watan Oktoban 2024, ranar da Barcelona ta doke Madrid da ci 4 da nema a Bernabéu, wasu 'yan kallo sun yi masa zagin ƙin jinin baƙi, har da na iyaye. Ra'ayina shi ne, ƙasar da ta gina kanta a kan Katolika, wadda ta kori Musulmi a 1492, ba ta karɓi Musulmi ba tukuna. Abin da ta karɓa shi ne ƙafar hagun Yamal, kuma ranar da ƙafar ta daina ci, za a tuna masa asalinsa. Shin haka abin yake, ko kuwa ƙwallo tana sauya zukatan mutane da gaske?

Masoyin_Madrid:
Wa alaikumus salam. Malam Ɗan_Fagge, bai kamata a ɗauki laifin mutane ƙalilan a ɗora wa filin da ke ɗaukar mutum kusan dubu tamanin ba. Ƙungiyar ta fito ta yi Allah wadai da abin, kuma 'yan sanda sun kama mutum uku daga baya. Wannan fili shi ne ya ɗaukaka Zidane yana ɗan wasa, ya sake ɗaukaka shi yana koci lokacin da ya ci kofin zakarun Turai sau uku a jere daga 2016 zuwa 2018, kuma a nan Benzema ya yi shekara 14 har ya ɗauki kyautar gwarzon duniya a 2022.

Baƙon_Almeriya:
Ni a lardin Almería nake zaune shekaru da dama, ina aiki a gonakin rumfar leda inda ake noman tumatir da tattasai da kokwamba da ake kaiwa kasuwannin Jamus da Ingila. Abin da zan gaya muku shi ne, maganar Ɗan_Fagge da ta Masoyin_Madrid duka suna faruwa, kuma sau da yawa a zuciyar mutum ɗaya. Na zauna a wurin shan shayi ana kallon wasa, na ga dattawan garin suna tsalle suna kiran sunan Yamal da gaske, ba da munafunci ba, kuma na san cewa a cikinsu akwai wanda idan ka je neman hayar ɗaki ya ji sunanka Muhammad, zai ce an riga an kama ɗakin. Shi a wurinsa babu karo tsakanin abubuwan biyu, domin Yamal nasu ne, ni kuwa ɗan ci-rani ne.

Game da addini, doka tana da kyau a rubuce. Tun 1992 gwamnati ta sa hannu a yarjejeniya da hukumar Musulmin ƙasar, kuma a cikinta an ce Musulmi na iya neman a ba shi lokacin sallar Juma'a daga ƙarfe ɗaya da rabi zuwa huɗu da rabi, ya kuma tashi daga aiki awa ɗaya kafin faɗuwar rana a watan azumi, in ya so ya rama awannin daga baya. Sai dai an ɗaura wannan da yardar ubangidan aiki, kuma mutumin da ba shi da takardun zama ba ya da bakin da zai nemi komai. Ɗan wasa yana da likita da mai kula da abincinsa idan yana azumi, mu kuwa a ƙarƙashin leda muke kai namu, inda zafi ya fi na waje nesa ba kusa ba. Lokacin da Umar Sadiq, ɗan Kaduna, yake ci wa Almería ƙwallaye har ta hau babban rukuni a 2022, mun yi alfahari da shi ƙwarai, amma ban ga ladan aikin kowa ya ƙaru saboda haka ba. Tsofaffin 'yan Maroko a nan har yau suna ba da labarin Fabrairun 2000 a El Ejido, wani gari a wannan lardin, lokacin da aka bi su da duka, aka lalata shagunansu da wuraren sallarsu bayan kisan wasu 'yan ƙasa uku.

Abu_Sumayya:
A ganina mun fara tambayar daga inda bai dace ba. Kafin mu tambaya ko sun karɓe mu, ya kamata mu tambayi abin da Musulmi yake bayarwa kafin a karɓe shi. Tambarin Barcelona yana ɗauke da jan gicciye a sama ta gefen hagu, na Madrid kuma yana da gicciye a kan kambin sarauta, kuma waɗannan riguna ne matasanmu suke shiga masallaci da su a Kano da Zariya ba tare da sun lura ba. Ga tallan giya da na caca da suka daɗe suna bin wannan harka. Frédéric Kanouté, ɗan wasan Mali, shi kaɗai na sani da ya tsaya ya ce a'a.

Tsohon_Gola:
Malam Abu_Sumayya ya ambaci Kanouté, kuma labarinsa ya cancanci a ba da shi cikakke, domin amsa ce ga ɓangarorin biyu. Ya zo Sevilla a 2005, ya taimaka mata ta ci kofin UEFA a 2006 da 2007. Da ƙungiyar ta sa tallan wani kamfanin caca a ƙirjin riga, sai ya liƙe sunan ya shiga fili. A 2007 da ya ji za a rufe wani masallaci a birnin saboda wa'adin haya ya ƙare, ya fitar da kuɗinsa kimanin dala 700,000 ya sayi ginin. A Janairun 2009 ya ci Deportivo ƙwallo ya ɗaga riga ya nuna sunan Falasɗinu, aka ci shi tarar yuro 3,000. Duk wannan ya faru a Seville, birnin da babu kamarsa wajen bukukuwan Katolika na makon Ista, kuma har ya bar ƙungiyar a 2012 magoya baya ba su juya masa baya ba. Yau ma yana cikin waɗanda suka fi girmamawa. Saboda haka ba gaskiya ba ne cewa sai Musulmi ya ɓoye addininsa ake son sa a can.

Kuma abin bai fara da Yamal ba. Larbi Benbarek, ɗan Kasabalanka, ya zo Atlético Madrid a 1948 a tsakiyar mulkin kama-karya na Janar Franco, ya ci gasar ƙasar da ita a 1950 da 1951. Nayim, Musulmi ɗan garin Ceuta, shi ya ɗaga wa golan Arsenal, David Seaman, ƙwallo daga kusan tsakiyar fili a minti na ƙarshe, Zaragoza ta doke Arsenal a Paris a 1995. Namu Haruna Babangida ma a makarantar matasan Barcelona ya tashi. Abin da ya sauya shi ne, a da Musulmi ɗaya ko biyu ne a fili, ba su da yawa a titi, yanzu kuwa ana ƙiyasta Musulmin ƙasar sun haura miliyan biyu, wato kusan kashi 5 cikin 100 na jama'a.

Ɗan_Kafanchan:
Ina gaishe ku duka. Ni Kirista ne ɗan Katolika, kuma ina roƙon a bambance coci da 'yan siyasar da suke fakewa da sunanta. Gaskiya ne ƙwallon Sifaniya cike take da al'adun cocinmu: 'yan wasan Athletic Bilbao suna kai ziyara cocin Begoña kafin a fara kaka, Madrid takan kai kofunanta babbar cocin Almudena, kuma a tsohon Camp Nou akwai ƙaramin ɗakin addu'a a hanyar fitowar 'yan wasa, filin da Fafaroma John Paul na Biyu ya jagoranci ibada a cikinsa a 1982. Amma ku duba abin da ya faru a Jumilla, wani gari a yankin Murcia, a damina ta 2025. Majalisar garin ta amince da ƙudurin da ya samo asali daga jam'iyyar Vox mai adawa da kwararar baƙi, wanda ya hana yin taron addini a filayen wasanni na hukuma, kuma kowa ya san sallar Idi ake nufi, domin a nan Musulmin garin suke yin ta. Majalisar bishop-bishop ta ƙasar ta fito fili ta ce wannan ya saɓa wa 'yancin addini da sashe na 16 na kundin tsarin mulkin 1978 ya tabbatar, har shugaban Vox, Santiago Abascal, ya juya yana sukar bishop-bishop ɗin. Haka kuma ƙungiyar agaji ta coci, Cáritas, tana cikin waɗanda suka mara wa yunƙurin tara sa hannun mutum fiye da 600,000 baya domin a ba baƙin da ba su da takardu izinin zama.

Wani abu kuma, Sifaniya ta yau ba ta cika coci kamar yadda ake zato. Waɗanda suke kiran kansu Katolika sun ɗan haura rabin jama'a ne kawai, masu zuwa ibada a kai a kai kuwa kusan ɗaya ne cikin biyar. Da yawa daga masu ihun kare Kiristanci ba a ganin su ranar Lahadi.

Na_Zangon_Kumasi:
Maganar ɗan'uwa Ɗan_Kafanchan ta tuna mini da iyalin Williams, waɗanda mu a Gana muka san labarinsu sosai. Iyayen sun ratsa Sahara, suka haura shingen Melilla, garin Sifaniya da ke kan iyakar Maroko, mahaifiyar tana da juna biyu, kuma wani limamin coci ne a Bilbao ya karɓe su ya samar musu wurin zama, shi ya sa da aka haifi yaron a 1994 aka raɗa masa sunansa, Iñaki. Yau Iñaki yana buga wa Gana, ƙaninsa Nico yana buga wa Sifaniya. To su Kiristoci ne, amma hakan bai hana a yi wa Iñaki kukan biri a filin Espanyol a Janairun 2020 ba. Vinícius ma Kirista ne, kuma a kan zaginsa aka yanke wa wasu magoya bayan Valencia uku hukuncin ɗaurin wata takwas a 2024. Don haka ina ganin Ɗan_Fagge ya ɗora wa addini nauyin da wani ɓangarensa na launin fata ne da talauci.

Malamin_Tarihi:
Akwai gyara a kan shekarar da mai tambaya ya kawo, kuma gyaran yana ƙara wa hujjarsa ƙarfi ne. Abin da ya faru a Janairun 1492 shi ne faɗuwar Granada, daular Musulmi ta ƙarshe a Andalus, kuma yarjejeniyar miƙa wuya ta yi wa Musulmi alkawarin riƙe addininsu da masallatansu. Yahudawa aka kora a wannan shekarar. Cikin shekara goma aka karya alkawarin, aka tilasta wa Musulmi shiga Kiristanci, sannan daga 1609 zuwa 1614 Sarki Felipe na Uku ya kori jikokinsu, kimanin mutum 300,000, duk da cewa an yi musu baftisma. Wato har wanda ya sauya addini ba a yarda da shi ba, domin an riga an mai da abin na jini.

Wannan ne ya sa ban yarda da Na_Zangon_Kumasi gaba ɗaya ba. Baƙar fata yana shan wariya, babu shakka, amma ɗan Maroko yana ɗauke da wani kaya na daban, domin ƙarni bayan ƙarni an koya wa yara cewa ƙasar ta samu kanta ne ta hanyar yaƙar Musulmi, tun daga shigowar Ɗariƙu bin Ziyad a 711. Har yau garuruwa da yawa a yankin Alicante da Valencia suna yin bikin shekara-shekara na kwaikwayon wannan yaƙi. Babban masallacin Ƙurɗuba da Abdurrahman na Farko ya fara ginawa wajen 785 ya zama coci tun 1236, kuma ba a barin Musulmi ya yi salla a ciki. A 2015 majalisa ta yi dokar ba jikokin Yahudawan da aka kora damar zama 'yan ƙasa, abin da ya dace, amma ba a yi wa jikokin Musulmin da aka kora irin wannan ba. Sai kuma harin jiragen ƙasa na Madrid a ranar 11 ga Maris 2004, wanda ya kashe mutum fiye da 190, da harin Barcelona a Agustan 2017, waɗanda masu tsattsauran ra'ayi suka kai da sunan Musulunci, suka kuma ba masu ƙiyayya abin riƙewa, ko da yake dole a faɗa cewa bayan na 2004 jama'ar ƙasar ba su far wa Musulmi ba. A kan wannan tarihi ne yaro mai suna Lamine Yamal Nasraoui Ebana yake sanye da jar rigar ƙasa, shi ya sa nake ganin abin ya fi ƙarfin a kira shi wasa kawai.

Ummu_Hanifa:
Ina karatu a Granada, kuma ina so in ƙara abin da mazan da suka yi magana ba su taɓo ba. Namiji Musulmi yana iya shiga jama'a ba a gane shi ba, amma mace mai hijabi ita ce ake fara gani. A ajinmu akwai 'yan mata da aka haifa a nan, Sifaniyanci ne harshensu na farko, amma kullum ana tambayarsu daga ina suka zo, kuma wata ta gaya mini cewa an ce za a ɗauke ta aiki a wani shago idan ta yarda ta cire mayafinta. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, to waɗannan yara ba su da inda za su koma, domin nan ne garinsu.

Doka ma tana bambantawa. Wanda ya fito daga ƙasashen Latin Amurka yana iya neman zama ɗan ƙasa bayan shekara 2 da zama bisa ƙa'ida, ɗan Maroko ko ɗan Senegal ko ɗan Najeriya kuwa sai ya yi shekara 10. Amma a Satumban 2019, makonni kaɗan bayan Ansu Fati, haifaffen Gini-Bisau, ya fara ci wa Barcelona ƙwallo, majalisar ministoci ta zauna ta ba shi shaidar zama ɗan ƙasa ta hanya ta musamman. Ban ga laifinsa ba, domin tun yana ƙarami yake ƙasar, sai dai wannan ya nuna cewa idan ana buƙatarka, ƙofa ba ta da wuyar buɗewa.

Ɗan_Damagaram:
Mu da muka fi bin labaran Faransa muna ganin Musulmin Sifaniya sun fi samun sauƙi ta wani gefen. Faransa ta raba addini da hukuma tun 1905, kuma da wannan hujja hukumar ƙwallonta ta rubuta wa alƙalan wasa a 2023 cewa kada a tsayar da wasa domin mai azumi ya sha ruwa, alhali a Ingila an yi haka tun Afrilun 2021 a wasan Leicester da Crystal Palace saboda Wesley Fofana da Cheikhou Kouyaté. A Yunin 2023 kuma babbar kotun gudanarwa ta Faransa ta tabbatar da hana mata buga wasa da hijabi, duk da cewa FIFA ta halatta shi tun 2014. Ƙasar da ta saba ganin ɗan wasa yana zana alamar gicciye kafin ya shiga fili ba ta cika mamakin ganin wani ya yi sujada ba. Ina ganin wani lokacin mai addini ya fi fahimtar mai addini, ko da addinin ba ɗaya ba ne.

Masoyin_Madrid:
A kan batun gicciye da Malam Abu_Sumayya ya kawo, a 2014 Madrid ta cire shi daga tambarin da aka buga a katin wani banki na Abu Dhabi, kuma tun 2020 kusan kowace shekara ake kai gasar Super Cup ta Sifaniya ƙasar Saudiyya. Wannan ba girmama Musulmi ba ne?

Abu_Sumayya:
Wannan girmama kuɗi ne, ɗan'uwa. An cire gicciyen ne a inda ake neman kasuwa, kuma Kiristocin ƙasar da suka yi fushi suna da hujja, domin an nuna musu cewa alamar addininsu abin ciniki ce. Da girmama Musulmi ake nufi, da an fara da ma'aikatan da Baƙon_Almeriya ya ba mu labari. Ita kanta ƙungiyar Almería wani babban jami'in Saudiyya, Turki Al-Sheikh, ya saye ta a 2019, aka yi maraba da shi, alhali addininsa ɗaya da na masu tsinkar tumatir.

Ɗan_Fagge:
Na gode da duk bayanan nan, amma bari in dawo da mu kan tambayata da wata hujja. Idan an karɓe su, me ya sa waɗanda aka haifa a can suke zaɓar Maroko? Achraf Hakimi a Madrid aka haife shi, a Getafe ya tashi, a makarantar matasan Real Madrid ya koyi ƙwallo, amma ya faɗa da bakinsa cewa da aka gayyace shi sansanin matasan Sifaniya bai ji yana gida ba. Shi ne kuma ya buga fenaretin da ya fitar da Sifaniya daga kofin duniya ranar 6 ga Disamba 2022 a Qatar. Brahim Díaz, haifaffen Málaga, ya buga wa Sifaniya har ya ci mata ƙwallo a 2021, amma a 2024 ya koma Maroko.

Tsohon_Gola:
Hujjar Hakimi tana da ƙarfi, domin tun yana yaro ya zaɓa. Sauran kuwa akwai lissafin ƙwallo a ciki. Munir El Haddadi Sifaniya ya fara zaɓa, ya buga mata mintuna kaɗan a 2014, ba a sake kiransa ba, sai da FIFA ta sassauta doka a 2020 ya samu komawa Maroko. Brahim ma ya daɗe yana jiran kira na biyu. Hukumar ƙwallon Maroko tana bin yaran nan tun suna ƙanana a ko'ina a Turai, shi ya sa 14 daga cikin 'yan wasanta 26 a Qatar a waje aka haife su. Ta nemi Yamal ma, ya zaɓi Sifaniya, ya fara buga mata a Satumban 2023 da Jojiya. Idan zaɓin Hakimi hujja ce, to na Yamal ma hujja ce.

Baƙon_Almeriya:
Daren da Maroko ta fitar da Sifaniya ina kan titi. An baza 'yan sanda domin ana tsoron rikici, amma a garinmu abin da na gani shi ne iyalai da yara da tutoci, kuma washegari wasu abokan aiki 'yan ƙasa sun taya 'yan Maroko murna. Abin da ya fi ba ni tsoro ya zo ne a Yulin 2025 a garin Torre Pacheco na yankin Murcia, lokacin da aka doki wani dattijo ɗan shekara 68, sai wasu ƙungiyoyi suka yi ta kira a intanet a fito farautar 'yan Arewacin Afirka, aka kwashe darare ana artabu. Shekara ɗaya ce cif bayan an ɗaga kofin Turai.

Hajiyar_Tudun_Wada:
'Ya'yana, ni abin da ke damuna shi ne nauyin da muke ɗora wa yaron nan. Masu ƙin baƙi suna jiran ya yi kuskure su ce ga halin Musulmi, mu kuma muna jiran ya yi kuskure mu ce ya zubar da addini, kamar yadda aka yi ta cece-kuce a kan bikin cikarsa shekara 18. Yaro ne da kuɗi da suna suka zo masa da wuri, ba malami ba ne, ba kuma wakilin mutum miliyan biyu ba ne. Addu'a ya fi buƙata daga gare mu. Allah ya shirya mana zuri'a baki ɗaya.

Ɗan_Kafanchan:
Amin, Hajiya. Ina so in ƙara wa maganar Ɗan_Damagaram ƙarfi da misali ɗaya. Kocin tawagar ƙasar, Luis de la Fuente, mutum ne da ba ya ɓoye cewa shi Katolika ne mai ibada, kuma a Maris 2025, lokacin da wasannin Sifaniya da Holan suka faɗo cikin watan azumi, ya gaya wa 'yan jarida cewa suna girmama imanin Yamal kuma likitocin tawagar suna kula da shi. Ban ce wannan ya share abin da Ummu_Hanifa ta faɗa ba, amma yaran Katolika da yawa a ƙasar ta wannan hanya suka fara jin mene ne sahur da buɗa baki.

Na_Abeche:
Tunda an ambaci shingen Melilla, kada mu manta da ranar 24 ga Yunin 2022, lokacin da aƙalla mutum 23 suka mutu a wurin suna ƙoƙarin haurawa, kuma yawancin waɗanda suka yi yunƙurin 'yan Sudan ne, da wasu 'yan Chadi. A ɓangaren Maroko jami'an ƙasar Musulmi ne suka tare su. Saboda haka idan muna maganar wanda ya karɓi Musulmi da wanda bai karɓa ba, kada mu ɗauka cewa layin ya tsaya tsakanin coci da masallaci. Shingen da iyayen Williams suka haura shi ne wannan, kuma a 2024 kaɗai mutum fiye da 46,000 ne suka isa tsibiran Canary na Sifaniya a kwale-kwale, ban da waɗanda teku ta ci.

Malamin_Tarihi:
Allah ya jiƙansu. Wannan ma yana nuna yadda ƙasashen biyu suke a sarƙe. Ceuta da Melilla suna kan ƙasar Afirka amma a hannun Sifaniya, Maroko tana da'awarsu, kuma a garuruwan biyu Babbar Salla ranar hutu ce a hukumance tun 2010. Franco da ya kira yaƙinsa na 1936 yaƙin kare Kiristanci, da dubban sojojin Maroko Musulmi ya yi shi. Yanzu kuma Sifaniya da Fotugal da Maroko ne za su karɓi baƙuncin kofin duniya na 2030 tare. A lokacin Yamal zai cika shekara 23, kuma idan ƙasashen biyu suka haɗu a fili, tambayar Ɗan_Fagge za ta sake tasowa da ƙarfi fiye da yanzu.

Ummu_Hanifa:
Ni ma'aunina ba filin wasa ba ne, maƙabarta ce da makaranta. Yarjejeniyar 1992 ta yi alkawarin keɓe wa Musulmi wuri a maƙabartun hukuma da kuma koyar da addininsu a makarantun gwamnati, amma garuruwan da suka cika alkawarin farko ba su da yawa, shi ya sa iyalai suke tara kuɗi su mai da gawa gida. Lokacin korona da aka rufe iyakoki, mutane sun sha wahala ƙwarai wajen samun inda za su binne nasu. Malaman addinin Musulunci a makarantu ma ba su kai ko kusa da yawan ɗaliban da suke da haƙƙin darasin ba, alhali a takardar haraji akwai gurbin da mutum zai ware kashi 0.7 cikin 100 ga cocin Katolika, babu irinsa ga wani addini.

Masoyin_Madrid:
To amma Malama, ba ki ganin yaron da ya tashi da hoton Yamal a ɗakinsa zai fi mahaifinsa sauƙin amincewa da maƙabartar idan ya girma?

Baƙon_Almeriya:
Mai yiwuwa ne, ɗan'uwa, amma waɗanda suke yanke hukunci yau su ne kansilolin gari, domin filin Idi da maƙabarta da izinin buɗe masallaci duk a hannunsu suke, kamar yadda aka gani a Jumilla. Kansila kuwa ƙuri'a yake dubawa. 'Yan wasu ƙasashen Latin Amurka suna jefa ƙuri'a a zaɓen ƙananan hukumomi saboda yarjejeniyar da ke tsakanin ƙasashensu da Sifaniya, 'yan Maroko kuwa, waɗanda su ne baƙi mafi yawa a ƙasar, ba su da wannan dama sai wanda ya zama ɗan ƙasa. A garinmu mun fara zagayawa gida-gida muna tabbatar da cewa duk wanda ya samu takardar zama ɗan ƙasa, da yaran da suka cika shekara 18, sunansu yana cikin rajista kafin zaɓen ƙananan hukumomi na Mayun 2027.